Zaman Mutane da Sana'o'insu a Ƙasar Arewa Shekara Ɗari da Suka Wuce

1. Ƙasar Arewa

Dogon Dutsi gari ne babba cikin jihar Doso, bisa hanyar motar da ta taso daga Yamai zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi. Garin ya samu sunansa daga dogon dutsen da ke tsaye kusa da shi. Ƙasar da ke kewaye da shi ita ake ce ma Arewa, mutanenta kuma Arawa. Zabarmawa suna kiran su Mawri. Wani kwari mai faɗi ya ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu, ya bi ta Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri, ya nufi wajen Gaya. Shi ne Dallol Mawri. A can can da kogi ne, amma ya ƙafe tun kafin kakannin kakanni.

Tarihin baka ya ce Gubawa ne suka riga zama ƙasar. Manyan garuruwansu su ne Lugu, inda Saraunniya take, da Bagaji, inda Baura yake. Daga baya wani ɗan sarki ya zo daga Barno, zuriyarsa suka riƙe sarauta. A da Sarkin Arewa yana zaune Matankari, Samna kuma yana Tibiri.

A 1899 rundunar Faransawa ta Bule da Shanuwan ta yaƙi Saraunniya Mangu a Lugu. A 1906 Faransa da Ingila suka daidaita kan iyaka, aka raba Arewa biyu: wani sashe cikin Nijar, wani cikin Nijeriya. Faransawa suka kafa bariki a Dogon Dutsi, garin ya fara girma. A 1926 aka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram aka mai da shi Yamai.

Wannan darasi yana magana ne kan zaman mutanen ƙauyukan Arewa wajen shekarar 1925. A lokacin nan babu kanti cikin ƙauye, babu injin niƙa, babu famfo, babu kwanon roba. Kusan duk abin da mutum ya ci, ko ya sa ga jiki, ko ya yi aiki da shi, hannun wani maƙwabcinsa ne ya yi shi.

2. Noma

Kowa manomi ne. Maƙeri yana da gona, masaƙi yana da gona, malami ma haka. Sauran sana'o'i aikin rani ne, bayan an gama kaka.

Gida guda yakan tara mutum da yawa: maigida, da ƙannensa, da ƴaƴansa, da matansu, da jikoki. Dukansu suna noma babbar gona guda, wadda ake ce ma gandu. Hatsin gandu shi ke ciyad da gida, maigida ne kuma ke riƙe da rumbunsa. Ban da gandu, ana ba matasa da mata ƴan ƙananan gonaki nasu na kansu. Suna zuwa can bayan an tashi daga aikin gandu.

Da bazara a yi sassabe, a ƙone kara da ƙaya. Ran da aka yi ruwan shuka gari yakan tashi tun da asuba. Maza suna gaba suna sara da sungumi, mata da yara suna baya suna jefa iri, suna rufewa da diddige. Bayan kwanaki sai noman fari, sannan maimai. Abin da aka fi shukawa shi ne hatsi, da dawa a fadama, da wake tsakanin hatsi. Mata suna shuka kuɓewa da yakuwa da gujiya. Akan bar wani gefe mai laima don auduga.

In aiki ya fi ƙarfin gida guda, sai a kira gayya. Samarin gari su taru, makaɗi ya biyo su da ganga yana zuga su, mai gona ya kawo fura da tuwo. Aikin da zai ci kwana goma sai a gama shi cikin yini guda.

Da kaka a girbe hatsi, a ɗaure dammuna, a kai rumbu. Dukiyar mutum ba a lissafa ta da kuɗi. Cewa ake yi: wane ya samu dami kaza, wane yana da rumbu kaza. Daga wannan rumbu ne ake biyan kowane mai sana'a, kamar yadda za a gani nan gaba.

3. Maƙeri

Ba a noma sai da ƙarfe, saboda haka maƙeri shi ne na farko cikin masu sana'a. Ƙira gado ce. Yaro yana fara zuga ma ubansa tun yana ƙarami, ya daɗe yana kallo kafin a bar shi ya ɗauki masaba.

A zamanin da maƙera ba sayen ƙarfe suke yi ba, fid da shi suke yi daga dutse. Da rani sai su haɗu su tafi tudu, su tono wani dutse mai nauyi da ake kira tama, su farfasa shi. Su sare itacen ƙirya su ƙona gawayi, don gawayin ƙirya ya fi kowane riƙe wuta. Su gina murhu na laka, su jera gawayi da tama a ciki, su kunna wuta. Wutar takan daɗe tana ci. In ta mutu sai su fasa gindin murhun su jawo curin ƙarfe, su raba tsakaninsu. Dattin da ya rage shi ake ce ma kashin tama, kuma har yanzu ana tsintarsa a daji a wurare da dama.

Daga wannan ƙarfe maƙeri ke ƙera kalme, da hauya, da sungumi, da gatari, da lauje, da wuƙa, da kibiya, da linzami, da ƙyastu na kunna wuta. Kayan aikinsa kaɗan ne: uwar maƙera, da masaba, da awartaki, da zugazugi na fatar akuya.

Ga misalin yadda ciniki ke gudana. Manomi ya aiki ɗansa maƙera da tsohon kalme. Yaro ya durƙusa ya ce:

"Baba, ina kwana? Babana ya ce in gaishe ka. Ya ce ga kalmensa ya cinye."

Maƙeri ya karɓa ya jujjuya shi, ya ce:

"Ajiye nan, ɗana. Ka ce mashi ya aiko jibi da hantsi."

Yaro ya tafi, ba a yi zancen kuɗi ba. Sai da kaka, in hatsi ya zo gida, manomin zai sa a kai damin hatsi ƙofar maƙeri. In damana ta yi kyau, maƙeri ya samu da yawa. In ta ɓaci, shi ma ya yi haƙuri.

4. Daga auduga zuwa riga

Riga guda takan bi ta hannu da yawa kafin a sa ta. Mata ne ke farawa. Su gurje auduga bisa dutse da magurji, su fid da angurya. Su shiɓe ta da ɗan baka har ta yi laushi. Sannan su kaɗa ta da mazari, suna shafa alli ga yatsu don zare ya bi hannu. Yarinya tana koyon kaɗi wurin kakarta, kuma da dare tsofaffi sukan yi kaɗi suna ba yara tatsuniya.

In zare ya taru sai a kai ma masaƙi. Shi yana zaune ƙarƙashin inuwa, ya ja zarensa da nisa ya ɗaure shi ga wani nauyi da ake ce ma kunkuru. Yana taka ƙafa, yana jefa ƙoshiya dama da hagu. Abin da yake saƙawa siriri ne, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Sai an haɗa da yawa an ɗinke kafin a samu zane ko gwado ko riga.

Mai son baƙin tufa sai ya kai ma marini, a tsoma cikin ruwan baba da toka. Tun da wahalar yin tufa ta kai haka, mutane ba su tara su da yawa. Talaka yakan yi riga guda ta zuwa kasuwa da biki. Wurin aiki kuwa warki yake ɗaurawa, watau fatar akuya da aka jeme.

5. Fata, itace da yumɓu

In an yanka akuya ko tunkiya, ba a yad da fatarta. Majemi ya jiƙa ta cikin ruwan toka, ya kankare gashi, ya sa ta cikin ruwan ƴaƴan bagaruwa har ta jemu. Daga nan baduku ya karɓa. Shi ke ɗinka guga na jan ruwa, da salka ta matafiyi, da taiki na zuba tsaba, da takalma, da kube, da laya.

Masassaƙi yana shiga daji da gatari da gizago. Shi ke sassaƙa turmi da taɓarya, da akushi, da kujerar mata, da allo, da ƙotar kalme. Nan ma akwai haɗin hannu: maƙeri ya yi ƙarfen kalme, masassaƙi ya yi ƙotarsa, shi kuma masassaƙi gizagonsa daga maƙera ya fito.

Ginin tukwane aikin mata ne. Su ɗebo yumɓu daga tafki, su kwaɓa, su gina tulu da randa da tukunyar tuwo da kasko. In sun bushe a jera su, a rufe da kara da kashin shanu, a cinna wuta. Farashin tukunya sau da yawa shi ne hatsin da aka auna ma mai ita da ƙwarya. Mata ne kuma ke saƙa tabarma da faifai da kabar goriba, su ne ke yin daddawa da sabulun toka, su ne ke daka, da jan ruwa, da neman itace. Aikinsu yana farawa kafin rana ta fito, ba ya ƙarewa sai bayan tuwon dare.

6. Wanzami, mahauci, maharbi da malami

Kowane gida yana da wanzaminsa. Shi ke yin aski, da ƙaho, da kaciya. Ranar suna shi ke aske jinjiri, ya cire mashi beli, ya yi mashi tsagar gidansu. Tsagar Arawa sananniya ce: layi biyu a kowane kunci, daga gefen baki zuwa kunne. Da ita ake gane Ba'are ko ina ya tafi. Wanzami yana da rabonsa cikin naman suna, da kaka kuma a kai mashi hatsi.

Mahauci yakan yi yanka ranar kasuwa, ya yi tsire da kilishi. Maharbi yana shiga daji da kwari da baka bayan an yi bikin buɗin daji, ya kawo naman barewa da gada da zabi. Shi ne kuma ya san itatuwan magani.

A lokacin nan mutane da yawa a Arewa suna bin addinin gargajiya, ana ce masu Azna. Masu shari'a mai wuya sukan tafi Lugu wurin dutsen Tunguma don a raba masu gardama. Akwai kuma malamai masu makarantar allo, yara suna karatu da dare a bakin wuta. Cikin shekarun da suka biyo baya Musulunci ya yaɗu ya game ƙasar.

7. Baƙin da ƙauye ke bukata

Akwai abubuwan da ƙauye ba ya iya yi ma kansa. Na farko shi ne gishiri. Fatake suna zuwa Foga, can kudu wajen Gaya, inda ake dafa ƙasa mai gishiri a fid da shi. Su ɗoro ma jakuna da takarkarai, su bi kasuwa kasuwa. Wasu fatake suna zuwa Jega, cikin Nijeriya. Masu dogon zango kuwa har Gwanja suke kaiwa, su yi watanni, su komo da goro. Shugaban ayari shi ne madugu.

Fulani makiyaya su ma suna da wurinsu. Bayan girbi manomi yakan roƙi Bafillace ya sauka gonarsa da shanu. Shanu su ci kara, su bar taki, manomi ya ba makiyayi hatsi. Kullum da hantsi matan Fulani suna shigowa gari da ƙwaryar nono, su musanya da tsaba.

8. In rumbu ya ƙare

Tun da kowa daga rumbu yake ci, in rumbu ya ƙare kowa ya shiga uku. A 1913 ruwa bai samu ba, a 1914 aka yi babbar yunwa wadda Hausawa suka sa ma suna Kakalaba. A 1931 kuma fara ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar, mutane da yawa suka mutu, wasu suka gudu. A irin wannan shekara manomi ba shi da abin biyan maƙeri, ba mai sayen zane, ba mai kiran makaɗi. Mutane su shiga daji su tsinko anza, su jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Wasu su sheƙe ƴaƴan ƙarangiya su daka.

Don haka tsofaffi ba su wasa da rumbu. Maigida mai hankali ba ya buɗe rumbun bana sai na bara ya ƙare, kuma ko yunwa ta yi tsanani ba a taɓa iri.

9. Abin da ya sake zaman

Abu uku ne suka sake wannan zama.

Na farko, kuɗi. A da ana ciniki da wuri, ko a yi musanya. Faransawa suka sa haraji, wanda mutane ke ce ma lanho, suka ce sai da kuɗinsu za a biya, tamma da dala. Mai neman kuɗin lanho dole ya sayad da hatsi ko akuya, ko ya tura ɗansa cin rani Nijeriya ko Kumasi. Saurayin da ya samo kuɗi da guminsa sai ya fara son gonarsa ta kansa. Haka gandu ya riƙa raguwa.

Na biyu, aikin dole. Ana kwasar maza a kai su gyaran hanya da ɗaukar kaya ba tare da biya ba, wani lokaci ma ana tsakiyar aikin gona. Sai a 1946 aka yi dokar hana shi.

Na uku, kayan waje. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Yadin masaƙun Ingila ya cika kasuwanni, ya fi saƙin hannu araha. Ƙarfen Turai ya samu, daga baya kuma ga ƙarfen tsofaffin motoci. Maƙera suka daina wahalar tama, har sanin narka ta ya ɓace. Ashana ta kori ƙyastu, kwano ya kori akushi, bokiti da jarka suka rage aikin tulu.

Wannan ba a Arewa kaɗai ya faru ba. A ƙauyukan Ingila da Faransa ma, shekara ɗari da suka wuce, akwai maƙeri mai sa ma dawakin noma takalmin ƙarfe, da mai gyaran ƙafar keken doki. Da tarakta da mota suka yawaita, aikinsu ya ragu, wasu suka koma gyaran injuna.

A Arewa ma sana'o'in ba su mutu duka ba. Wanda ya shiga kasuwar Dogon Dutsi zai tarad da maƙeri yana ƙera kalme da gatari, da mai turmi, da mai tabarma, da mahauci. Amma masu kaɗi da masaƙa sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma duk tsohon da ya rasu yakan tafi da wani sani da ba a rubuta ba. Ɗan makarantar da ya iya rubutu da Hausa yana iya zama gaban kakansa, ya tambaye shi, ya rubuta abin da ya ji.

Ma'anar kalmomi

Gandu: babbar gonar da dukan gida ke nomawa tare.
Tama: dutsen da ake fid da ƙarfe daga cikinsa.
Ƙyastu: ɗan ƙarfen da ake bugawa da dutse a samu wuta.
Angurya: ƴaƴan auduga.
Warki: fatar da maza ke ɗaurawa ga ƙugu wurin aiki.
Taiki: babbar jakar fata ta zuba tsaba.
Takarkari: san da ake ɗora ma kaya.
Wuri: ƙananan kwanson teku da aka yi ciniki da su a da.

Tambayoyi

1. Mene ne sunan kwarin da ya ratsa ƙasar Arewa?
2. Wane gari Saraunniya take, wane gari kuma Samna yake?
3. Don me maƙera suka fi son gawayin ƙirya?
4. Yaushe ake biyan maƙeri, kuma da me?
5. Ku jera ayyukan da ake yi ma auduga, daga gona har ta zama riga.
6. Me manomi ke samu wurin makiyayi, me kuma makiyayi ke samu wurin manomi?
7. Don me yunwa ke taɓa masaƙi da makaɗi, ba manomi kaɗai ba?
8. Waɗanne abubuwa uku suka sake zaman ƙauye?

Lissafi

Wani maƙeri yana yi ma gida 24 aiki. Da kaka kowane gida ya kai mashi dami 2. Gonarsa kuma ta ba shi dami 65. Dami nawa ya zuba cikin rumbunsa?

Aikin yi

1. Kowane ɗalibi ya je wurin wani tsoho ko tsohuwa cikin unguwarsu, ya gaishe su da ladabi, ya tambaye su sana'ar gidansu ta gado. Ya rubuta layi goma kan abin da suka faɗa mashi.
2. Ku ziyarci maƙera tare da malaminku. Ku zana kayan aiki huɗu, ku rubuta sunan kowane da Hausa da Faransanci.
3. Ku nemi tsohon kayan aiki guda wanda aka daina amfani da shi a gidanku, kamar mazari ko ƙyastu ko akushi. Ku roƙi izini ku kawo shi aji a nuna ma kowa.